Seramik na na'urorin maikurowef: wace hanyar gyara ta dace da abin da za ka ƙera?

Lambobi uku ne ke yanke hukunci a kan duk seramik ɗin da za a sa a rezoneta (ɗan abin da ke riƙe igiyar rediyo iri ɗaya tak), filta (matatar sigina) ko eriya, kuma ukun ba sa jituwa. Ka ɗaga ɗaya, ɗaya ta faɗi. Shi ya sa tambayar wane haɗi ya fi kyau ba ta da amsa, sai an fara faɗin na'urar da za a ƙera, mitar da za ta yi aiki a kai (yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa), da ƙarfen da zai taɓa jikin seramik ɗin.

Ta farko ita ce εr, ma'aunin yadda abu ke tara wutar lantarki a jikinsa idan aka gwada shi da sarari. Ita ke yanke girma: in ta ninka sau huɗu, faɗin na'urar ya ragu da rabi. A mitar 2 GHz tsawon igiya a iska santimita 15 ne, amma faifan rezoneta mai εr 45 faɗinsa wajen santimita 2.2 ne, mai εr 80 kuma wajen 1.7. Ta biyu ita ce Q, kishiyar asarar da igiya ke yi a cikin abin. Da yake Q tana raguwa yayin da mita ke hawa, sai a ninka su a ba da Q×f a GHz: abu mai Q×f 45,000 zai ba da Q wajen 22,500 a 2 GHz, amma a 28 GHz da ƙyar ya wuce 1,600. Ta uku ita ce τf, yadda mitar rezoneta ke zamewa in zafi ya sauya, ana ƙirga ta da kashi cikin miliyan a kowane digiri, wato ppm.

Wannan ta ukun ce ba a wasa da ita. Ɗauki LNB, wato ɗan kan da ke karɓar sigina a gaban dish ɗin tauraron ɗan'adam, irin tsohon ƙiran da ɗan faifan seramik ke riƙe masa mitar 10.6 GHz. In τf ɗin faifan 5 ce kawai, kuma tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar bazara a kan kwanon rufi akwai tazarar digiri 50, mitar za ta zame da 2.65 MHz. Da alumina zalla aka yi shi, mai τf wajen −60, da zamewar ta haura 30 MHz, kusan faɗin tashar tauraron gaba ɗaya.

Matsalar daga halittar kayan take. Masu εr babba yawanci Q ɗinsu ƙarama ce, τf kuma tana can sama: rutil, wato TiO₂, εr wajen 100 da τf wajen +450, CaTiO₃ εr wajen 170 da τf wajen +800. Masu εr ƙarama kamar alumina da fostarait suna da Q mai ban sha'awa, amma τf ɗinsu tana ƙasa da sifili da 60 ko fiye. Tun daga 1939 da masanin kimiyya Richtmyer ya nuna cewa dunƙulen abu marar ƙarfe zai iya zama rezoneta, sai da aka kai shekarun 1970 kafin a samu seramik mai jure sauyin zafi da za a iya sayarwa. Duk hanyoyin da ke ƙasa ƙoƙari ne na kai τf sifili ba tare da an zubar da sauran biyun ba.

Haɗa abu biyu masu ja da juna

Wannan ita ce mafi sauƙi da araha. A ɗauki abu mai τf ƙasa da sifili a gauraya shi da mai τf sama, su zauna a matsayin ƙwayoyi dabam-dabam a jiki ɗaya. Misalin da kowa ke farawa da shi shi ne MgTiO₃, mai εr 17, Q×f wajen 160,000, τf wajen −50, a zuba masa CaTiO₃. Lissafin ba wuya: kowanne yana ja gwargwadon kason da ya ci na jikin, don haka −50 da +800 suna kashe juna a wajen kashi 6 cikin ɗari na CaTiO₃. A aikace ana samun sifilin tsakanin kashi 5 da 7, kuma haɗin 95 da 5 yana ba da εr 20 zuwa 21 da Q×f wajen 56,000, a gashin digiri 1,400 ko sama kaɗan.

Lura da farashin: kashi 5 kacal na CaTiO₃, mai Q×f 'yan dubbai, ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na Q. A irin wannan gauraye, mai asara shi ke mulki.

Haɗarin gaske kuwa shi ne abubuwan biyu su ƙi zama dabam, su narke cikin juna su haifi na uku. A MgTiO₃, baƙon da ke yawan fitowa shi ne MgTi₂O₅, mai Q ƙasa da na uwar da τf da ta fi nisa ƙasa da sifili. Yana fitowa ne in magnesiyom ya gaza titaniyom, kuma sau da yawa dalilin daga ma'auni ne: hodar MgO tana shan danshi da iskar kabon, sai ka auna giram ɗari alhali wani kaso ruwa ne. Maganinsa a gasa MgO a wajen digiri 900 kafin awo, ko a ƙara shi ɗan kaɗan. Haka alumina da TiO₂: a zafin gashi suna haifar Al₂TiO₅, wanda ke cinye rutil ɗin da aka sa don gyaran τf. Sai an sake tsuma faifan, wato a bar shi na awoyi cikin tanderu a wajen digiri 1,000, inda Al₂TiO₅ ke wargajewa ya koma asalinsa, sannan haɗin 90 da 10 ke ba da εr wajen 12, Q×f fiye da 100,000, τf dab da sifili. Wilemait, Zn₂SiO₄, ya fi haƙuri da rutil: kashi 11 na nauyi yana kai shi εr wajen 9 da Q×f wajen 110,000. Fostarait, Mg₂SiO₄, shi kuma yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin huɗu, domin wani ɓangare na rutil ɗin yana salwanta wajen haifar MgTi₂O₅.

Sauya atom a cikin kiristal ɗin kansa

A nan ba gauraya ƙwayoyi ake yi ba, ana cire wani atom ne a sa wani a gurbinsa, jikin ya kasance nau'i ɗaya tak. Ya fi wahalar tsarawa, amma abin da ake samu ya fi daidaito daga tanderu zuwa tanderu, kuma ana iya matsar da τf kaɗan-kaɗan yadda ake so.

ZrTiO₄ zalla yana da εr wajen 42 da τf wajen +58. In aka maye kashi ɗaya cikin biyar na zirkoniyom da kuza, sai a samu ZST, mai εr 38, Q×f wajen 50,000 da τf sifili. Kamfanin Murata na Japan ne ya fi yaɗa shi. Shi kaɗai ba ya danƙarewa sai wajen digiri 1,600, amma ƙarin ZnO kashi ɗaya ko biyu yana sauko da shi zuwa 1,350 ko 1,400, kuma zink ɗin yana tsayawa a iyakar ƙwayoyi, ba ya cutar da Q sosai. Abin da ZST ba ya yafewa shi ne baƙin ƙarfe. Rabin kashi ɗaya na Fe₂O₃ ya isa ya rushe Q, don haka mazubin ƙarfe da ya fara tsatsa ko rariyar da ke zubar da ɓurɓushi sun isa su ɓata gashi guda.

Abokin hamayyarsa a wannan aji shi ne Ba₂Ti₉O₂₀, wanda O'Bryan da Plourde suka fito da amfaninsa a Bell Labs a tsakiyar shekarun 1970: εr kusan 40, Q×f tsakanin 30,000 da 40,000, τf wajen +2. Kayansa sun fi araha, amma yana zaune ne a ɗan siririn wuri tsakanin BaTi₄O₉ da rutil. Kuskure kaɗan a awo, sai ɗayansu ya fito, kuma in rutil ne, τf ta tashi nan take. Ɗan ƙarin SnO₂ ko ZrO₂ na taimaka masa ya kafu.

Ga masu tsarin kiristal da ake kira ferobskait, irin na CaTiO₃, akwai jagora mai amfani. A 1994 Reaney, Colla da Setter sun nuna cewa τf tana bin wata lamba da ake lissafawa daga girman atom-atom ɗin, kuma a wajen 0.985 ne kejin oksijin da ke kewaye da ƙaramin atom ke fara karkata, alkiblar τf ta juya. Ma'ana kana iya hango inda sifili yake da alƙalami kafin ka kunna tanderu. A wannan gida ne aka samu CaTiO₃ kashi 70 da NdAlO₃ kashi 30, mai εr wajen 45, Q×f wajen 45,000, τf sifili, wanda ya mamaye filtocin turakun wayar salula na zamanin 2G da 3G. Kwatanta shi da gaurayen farko: CaTiO₃ ɗin nan da kashi 5 nasa ya lalata Q a can, a nan shi ne kashi 70 na jikin, amma Q ta fi tasa ta asali fiye da sau goma, saboda an sauya kiristal ɗin kansa ne.

In ana son εr 80 zuwa 90, gida ɗaya ne ya yi fice, na bariyom, titaniyom da samariyom ko niyodimiyom (su ne Ln a nan), Ba₆₋₃ₓLn₈₊₂ₓTi₁₈O₅₄. Q×f ɗinsa ba ta cika wuce 10,000 ba, kuma ta fi kyau a x = 2/3, inda Ohsato na Nagoya ya nuna cewa manya da ƙananan atom suna rabuwa kowa ya zauna a gurbin da ya dace da shi. Na samariyom τf ɗinsa na ɗan ƙasa da sifili, na niyodimiyom na sama, sai a haɗa su.

Jera atom da dogon gashi

Wannan ita ce hanyar Q mafi girma, kuma mafi tsada. A BZT, wato Ba(Zn₁/₃Ta₂/₃)O₃, zink da tantalom suna raba gurbi ɗaya. In suka zauna barkatai, Q matsakaiciya ce. In suka jeru, layi ɗaya na zink, biyu na tantalom, Q tana tashi sosai. A 1983 Kawashima da abokan aikinsa a Matsushita sun kai Q 14,000 a 12 GHz, wato Q×f 168,000, amma sai da faifan ya yi awa 120 a digiri 1,350. Kwana biyar ke nan tanderu na ci. Shekara guda bayan haka Tamura da mutanen Murata suka nuna cewa ƙarin BaZrO₃ 'yan kashi kaɗan yana ba da Q mai girma cikin 'yan awoyi. Abin lura, wannan ƙarin ba ya ƙara jeruwar, rage girman yankunan da suka jeru ma yake yi. Bayanin da aka fi karɓa shi ne yana kwantar da iyakokin da ke tsakanin yankunan, inda asarar ke taruwa. Don haka ganin alamar jeruwa a hoton ekis-re ba shi ne tabbacin Q ba.

BZT yana da εr wajen 29 ko 30 da τf dab da sifili. Ɗan'uwansa na magnesiyom, BMT, εr 24 ko 25 ne, Q×f tana wuce 250,000, amma yana son digiri 1,600 ko fiye. Ciwon BZT shi ne ZnO yana tururi ya gudu a zafi mai tsawo, fatar faifan ta rasa zink, wasu nau'o'in bariyom da tantalom su fito a kai. Ana binne faifan cikin garin haɗinsa a rufaffen kasko na alumina, bayan gashi kuma a goge fatar kafin awo.

Kuɗin tantalom ne ya kori mutane da yawa daga nan, musamman bayan farashinsa ya ninka sau da dama a shekarar 2000. Sai aka koma niyobiyom. Ba(Zn₁/₃Nb₂/₃)O₃ yana da εr wajen 41 da τf wajen +30, na kobalt kuma εr wajen 32 da τf ƙasa da sifili kaɗan, haɗinsu yana ba da εr 34 ko 35, τf sifili, Q×f wajen 90,000. Sai dai jeruwar niyobiyom tana rushewa a wajen digiri 1,350 zuwa 1,400, kusan zafin da ake gashi a kai, don haka dole a danƙare shi tukuna, sannan a sauko ƙasa da wannan iyaka a tsuma shi na awoyi. Wanda ya kashe tanderu ya bar shi ya huce da sauri zai samu faifai mai kyan gani da rabin Q. A gefe guda, dutsen kwalambait da ake samun niyobiyom daga gare shi yana nan a tsaunukan Jos tare da kuza, har Najeriya ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. Amma tsakanin wannan dutse da hodar Nb₂O₅ mai tsarkin 99.9 akwai matatar sinadarai sukutum.

Ɗan ƙari da ke hana baƙar zuciya

Duk seramik mai titaniyom yana da cuta ɗaya. A zafi sama da digiri 1,300 yana rasa oksijin, wani ɓangare na Ti⁴⁺ ya koma Ti³⁺, lantarkin da ya samu sake kuma ya riƙa cin igiya. Lokacin hucewa fatar waje tana sake shan oksijin ta yi fari, amma tsakiyar ba ta samu, kamar wainar da ta soyu a waje cikinta ɗanye. Ka yanka faifan biyu za ka ga baƙi ko shuɗi a tsakiya. Abin takaicin, faifan da ya fi danƙarewa shi ya fi kamuwa, domin babu ƙofar da iska za ta bi ta shiga, kuma babban faifai na 1 ko 2 GHz ya fi ƙarami shan wahala. Wannan na cikin dalilan da suka sa Q×f ɗin da aka auna a ɗan faifai a 8 GHz ba ta maimaituwa a babban faifan turken sadarwa.

Magani uku ne, kuma duk sun fi sauya haɗi araha. A sa ƙasa da rabin kashi ɗaya na manganis, ko alminiyom, magnesiyom ko zink a gurbin titaniyom, su kama lantarkin. A yi gashin cikin iskar oksijin mai gudana. A rage saurin hucewa zuwa digiri 1 ko 2 a minti har a sauko wajen 1,000, ko a tsuma a nan na wasu awoyi. In ka ga Q ta gaza abin da ake tsammani a haɗi mai titaniyom, fara da yanka faifai ɗaya kafin ka zargi haɗin. Sai dai ƙarin yana da iyaka: manganis da ya wuce kima shi kansa yana kawo asara, a yi gyaran gangar Auzinawa.

Alumina ma tana amsa ɗan ƙari. Alford da Penn a Landan sun nuna a 1996 cewa rabin kashi ɗaya na TiO₂ yana kai Q ɗinta wajen 50,000 a kusan 10 GHz, kuma sodiyom da fotasiyom su ne manyan maƙiyanta.

Sauko da zafin gashi

Manufar wannan hanya dabam ce. Ba Q ake nema ba, so ake a gasa seramik da layukan ƙarfe a lokaci guda, shimfiɗa a kan shimfiɗa, abin da ake kira LTCC. Azurfa tana narkewa a digiri 961, don haka gashin ya tsaya ƙasa da 900 ko 950. Ana sa gilas ko wani abu mai saurin narkewa: B₂O₃ a 450, V₂O₅ a 690, Bi₂O₃ a wajen 820, LiF a wajen 845. Ruwan da suka zama yana jiƙa ƙwayoyin ya ja su su haɗu.

Farashin a bayyane yake. Gilas ba shi da tsarin kiristal, asararsa babba ce, kuma yana jan εr ƙasa. Tef-tef ɗin LTCC na kasuwa εr ɗinsu 6 zuwa 8 ce, Q×f kuma daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai. Akwai wasu tarkuna biyu. B₂O₃ yana haɗuwa da PVA, danƙon da ke riƙe garin, ya daskarar da kunun garin kafin a shimfiɗa shi, don haka a narkar da shi cikin gilas tukuna ko a sauya danƙo. Na biyu, haɗe-haɗen banadiyom, bismut da molibdinom da dama suna cin azurfa. Gwajin da aka saba yi shi ne a gauraya garin da kashi 20 na hodar azurfa a gasa, a duba ko wani sabon nau'i ya fito. Akwai kuma waɗanda tun asali ba sa son zafi, kamar Li₂MoO₄ mai εr 5.5 da ke danƙarewa a wajen digiri 540, ƙasa da narkewar alminiyom, amma τf ɗinsa wajen −160 ce kuma yana narkewa a ruwa.

Abin da ke gaban duk hanyoyin

Yawancin faifan da ya gaza ba haɗinsa ne ya gaza ba, aikin hannu ne. Ramukan iska kashi 5 a jiki suna rage εr da wajen kashi 7. Ga faifai mai εr 45 a 2 GHz, wannan zamewar fiye da 70 MHz ce, ga Q da ta faɗi, ga danshi da ke shiga buɗaɗɗun ramuka ya sa awon damina ya saɓa da na rani. Ƙasa da kashi 95 na cikakken danƙarewa, kwatanta haɗi da haɗi ɓata lokaci ne.

Tsarin da aka saba shi ne: hoda mai tsarkin 99.9, a busar da ita, La₂O₃ da Nd₂O₃ kuma a gasa su a 900 zuwa 1,000 kafin awo domin suna shan danshi kamar MgO. A niƙa awa 12 zuwa 24 da ƙwallayen zirkoniya, cikin etanol in akwai bariyom ko magnesiyom, saboda ruwa yana wanke su ya sauya awon. Niƙan da ya wuce haka yana zuba zirkoniya a cikin garin. Gashin farko ya kasance digiri 200 zuwa 300 ƙasa da na ƙarshe. In ya yi zafi da yawa garin ya dunƙule ya ƙi niƙuwa, in ya gaza kuma sauran kabonet zai fitar da iska a gashin ƙarshe ya bar ramuka. A sake niƙa, a sa PVA kashi 3 zuwa 5, a danna a megafaskal 100 zuwa 200. A tsaya a digiri 500 zuwa 600 danƙon ya ƙone sarai, domin ragowar kabon ma tana ƙwace oksijin. Gashin ƙarshe awa 2 zuwa 6, a gwada zafi huɗu ko biyar da tazarar digiri 25, saboda danƙarewa tana hawa ta kai ƙololuwa sannan ta sauko in ƙwayoyi suka kumbura suka haɗiye ramuka. A yi tsammanin faifan zai tsuke da kashi 15 zuwa 20.

Awo ma yana yaudara. Hanyar Hakki da Coleman ta 1960, faifai tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ta dace da εr, amma ga Q mai girma asarar farantin ce kake aunawa. A ɗora faifan a kan ɗan turken kwaz a tsakiyar rufaffen akwatin ƙarfe mai faɗi sau uku ko fiye na faifan, faɗin faifan ya kai ninki biyu na kaurinsa, haɗin sigina kuma ya zama mai rauni. Ekis-re ba ya ganin baƙon nau'i da bai kai 'yan kashi ba, alhali kashi ɗaya na rutil ya isa ya matsar da τf da huɗu ko biyar.

To wacce za a ɗauka?

Kafin komai, yi wannan lissafin. Asarar seramik da ta ƙarfe suna haɗuwa ne: 1/Q = 1/Q ta seramik + 1/Q ta ƙarfe. Filtocin 5G na 3.5 GHz dunƙulen seramik ne da aka lulluɓe da azurfa. A ce azurfar ta ƙayyade Q a 2,000. MgTiO₃ da CaTiO₃ mai Q×f 56,000 yana ba da 16,000 a wannan mita, jimilla 1,778. Ka ninka Q×f ɗin sau biyu da kuɗi mai yawa, jimillar ta koma 1,882, ribar kashi 6 kacal. A wannan mita wutar tana bin wajen maikuromita ɗaya ne na fatar azurfar, don haka santsin jikin seramik da kaurin shafen sun fi kowane sabon haɗi tasiri. Ga irin wannan filta, gaurayen farko ya wadatar, ƙoƙarin ya tafi wajen daidaita εr daga gashi zuwa gashi.

In kuwa faifan yana rataye ne a tsakiyar akwati, nesa da bango, Q ta seramik ita ce ke magana. Tsakanin 1 da 3 GHz, εr 38 zuwa 45 ce ke ba da girman da za a iya ɗauka, wato ZST ko CaTiO₃ da NdAlO₃, tare da kula da baƙar zuciya. Daga 10 GHz zuwa sama, a na'urorin tauraron ɗan'adam da rada, faifan ƙarami ne, tantalom ɗin da zai ci ba shi da yawa, a nan BZT da BMT suka cancanci kuɗinsu. Niyobiyom na tsakiya ne ga wanda ke son Q fiye da ta ZST ba tare da farashin tantalom ba. Kada kuma a nace wa τf sifili tsantsa: akwatin alminiyom yana buɗewa da wajen ppm 23 a kowane digiri, yana jan mita ƙasa, shi ya sa masu sayarwa ke ba da faifai iri ɗaya da τf hawa-hawa, a zaɓi wanda zai kashe tasirin akwatin.

Eriyar GPS a 1,575.42 MHz zaɓin girma ne tsagwaronsa. Da εr 20 tana fitowa a murabba'i mai faɗin milimita 25, da εr wajen 90 tana sauka kusan 12, amma faɗin mitar da take kamawa ya tsuke, ƙarfin kamun ya ragu, kuma murfin roba kawai ya isa ya gusar da ita daga kan mitar. In akwai wuri a cikin na'urar, εr 20 ta fi lafiya.

A 28 GHz da sama lissafin ya juye. Igiyar ba ta kai milimita 11 ba, rezoneta mai εr 80 zai zama wajen milimita 1.2, inda kuskuren yanka na maikuromita 10 ke gusar da mita da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, fiye da 200 MHz. A nan εr ƙasa da 12 ake so, wato wilemait, fostarait ko alumina da aka gyara da rutil in abu guda za a yanka, LTCC kuma in ana buƙatar layukan azurfa a cikin jikin, tare da amincewa da asarar da gilas ɗin zai kawo.